Hantsin da Na Rage wa Baba

Ni ne na yi laifi, kuma ba na neman wanda zai taya ni ɗauka. Sai dai ba shi ne laifin da mutanenmu na nan suka ɗora mini a lokacin ba. Abin da suka riƙe shi ne wai ƙato da gemunsa ya rasa aiki, ya zauna yana wasan kwamfuta, har ya jawo tsohonsa ciki. A kan wannan ban taɓa ba kowa haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Laifina na gaskiya mutum biyu ne kawai suka san shi, matata Hadiza da mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Sanyin bana ne ya tono mini zancen. Yau kwana goma sha ɗaya rabona da ganin inuwata. Ɗazu na fito daga tashar jirgin ƙasa ta Dagenham, unguwarmu a nan ƙasar Turawa, da rana tsaka, na duba gefena, babu komai sai jiƙaƙƙen titi. Yanzu ina da aiki, gidanmu da ɗumi a kowane ɗaki, idan duhu ya ishe ni sai in kunna fitilu duka. Shekara goma sha uku da suka wuce ba haka abin yake ba.

A lokacin muna zaune a wani flat mai ciki da falo, a saman shagon wanki. Tagar falon bangon wani gini take kallo. Kamfanin da nake tuƙa wa motar kai kaya ya rufe ana gab da shiga sanyi, sai ya zama aikin Hadiza a gidan kula da tsofaffi shi kaɗai ke riƙe da mu. A cikin wannan hali Baba ya iso daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi, bayan ya gama shigar da dawarsa rumbu. Hawan jinin ido ne ya kawo shi. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma ya ce ji yake kamar yana leƙe ta kafar ƙyaure. 'Yan'uwa suka haɗa hannu aka kai shi wajen likita. Likitan ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma ana iya tsare abin da ya rage. A ɗiga magani safe da yamma ba fashi, bayan wata uku a dawo, idan idon ya tsaya inda yake za a yi masa ɗan aiki.

Wata ukun nan su ne tsakiyar sanyi. Falo kaɗai muke kunna wa hitar ɗumama ɗaki, shi ma ba duk yini ba, don haka nan muka shimfiɗa wa Baba. Bango yana gumi, baƙin danshi yana hawa kusurwa kamar hayaƙin murhu, mu goge yau ya dawo jibi. Kayan da aka wanke sai su kwana uku ba su bushe ba. Mukan yi asuba cikin duhu, Hadiza ta fita cikin duhu, in ɗiga wa Baba magani, in dama mana kunun da ya samu. Daga nan in zauna in cika takardun neman aiki har wajen ƙarfe goma. Abincin rana sau da yawa burodi ne da shayi. Tuwon semo sai dare, da miyar kukar da Baba ya zo da ita, wadda Hadiza take auna wa da ƙaramin cokali kamar magani. Nama kuwa sai ranar da ta samu zuwa kasuwar Peckham ta samo ƙashi mai araha.

Yunwar ba ta dami Baba ba. Yana azumin Litinin da Alhamis, yana cewa wannan ai azumin yara ne, kafin ka ji ƙishirwa an ce rana ta faɗi. Abin da ya dame shi rashin inuwa. Duk rayuwarsa da ƙafa yake auna inuwarsa ya san azahar ta yi ko la'asar ta shiga. Da na ba shi takardar lokutan salla ta masallaci, ya juya ta gaba da baya, ya tambaye ni wanda ya rubuta ta da wace rana ya auna. Ya ce an ce hantsi leƙa gidan kowa, ashe ban da Dagenham.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta da na harhaɗa da kaina tun ina aiki. Akwai wasa a cikinta, wata ƙasa mai faɗi da tuddai da gonaki da koguna, mutum ya yi ta yawo. Faɗace-faɗacen da ake yi a ciki ba su dame ni ba. Abin da ya kama ni shi ne abin da ake kira mod, wato gyaran da mutane ke yi wa wasa da hannunsu. Nawa na haske ne. Fayil ne guda cike da layuka da lambobi: wannan ƙarfin rana, wannan launinta, wannan duhun inuwa, wannan kaurin hazo, wannan kuma wani ƙyalli da ke malala a gefen duk abin da haske ya taɓa. Ka canza lamba, ka yi saving, wato ka adana, ka koma cikin wasan ka ga abin da ka yi wa duniya. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma wannan na iya shi, kuma a wancan lokacin shi kaɗai ne abin da in na taɓa yake amsa mini.

Baba ba don kallo ya fara matsowa ba. Kwamfutar tana hura iska mai ɗumi ta baya idan wasan ya yi mata nauyi, sai ya ja kujera ya miƙa mata ƙafafunsa kamar kaskon wuta. A rana ta uku ne ya ɗaga kai ya tambaye ni wane lokaci ne a garin mutanen nan. Na ce safiya ce, rana ta ɗaga.

"Kai, ƙarya suke," ya ce. Ni ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunana ba, kai ɗin nan shi ne sunana a bakinsa. "Wace irin safiya ce inuwa ba ta da baki? Tsayar da mutumin nan in gani."

Na tsayar da mutumin da nake tafiya da shi a cikin wasan. Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi, ya auna tsawon mutumin da yatsa, ya auna inuwarsa, ya ce tsawon ya yi daidai da hantsi amma hasken na masu zaman makoki ne. Na nuna masa cewa fayil ɗin lokaci huɗu kawai ya sani: asuba, rana, yamma, dare. Ya lissafa mini nasa da yatsu, daga asuba zuwa hantsi, walaha, rana tsaka, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, magariba, almuru. Ya ce waɗanda suka yi wannan abu ba su san rana ba, labarinta suka ji.

Haka muka kama aiki, kusan mako uku. Ni ke juya lamba, shi ke hukunci. Ƙara. Ka wuce. Koma baya kaɗan. Na ɗauka ranar gida rawaya ce, ya ce a'a, hantsi fari ne, rawaya sai la'asar. Na mai da inuwa baƙa ƙirin, ya ce ko inuwar tsamiya ba ta kai haka ba, akwai shuɗi-shuɗi a cikinta. Hazo ya sa na kashe shi gaba ɗaya. Ranar da na cire ƙyallin nan mai malala, sai ya gyara zama, ya ce yanzu abubuwa sun yi baki, ya san inda bishiya ta ƙare sama ta fara. Daga nan ya shiga yi wa manoman cikin wasan faɗa. Wai kunyarsu a karkace take, wai wane irin malalaci ne ke barin ciyawa har bakin rumbu. Hadiza takan dawo a gajiye ta same mu muna musu a kan launin sama, ta ce to, malaman rana, an samu ta faɗi ko a kawo tuwo.

Wata safiya na canza wata lamba ƙarama, hasken da sama ke zubowa inda rana ba ta kai ba. Baba ya matso kusa da allon. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Can ya ce in bar shi haka, kada in ƙara taɓa shi. Na sa wa fayil ɗin suna hantsi.

Tun daga ranar, ƙarfe goma na yi sai Baba ya ce a kai shi shan hantsi. Akwai wani tudu a cikin wasan mai bishiya guda da shinge a gabanta. Nan nake tsayar da mutumin. Baba ya rufe idon hagu da tafin hannu duk da ba ya ganin komai da shi, ya ƙirga turakun shingen. Tara ne. Idan ya ƙirga tara, sai ya ce idon yana nan inda yake, maganin Bature yana aiki, a ci gaba. Ba likita ne ya ba shi wannan awo ba, shi ya ƙirƙiro abinsa, kuma da shi ya fi yarda.

Labari ya fita, don mutanenmu ba sa rasa labari. A wani taron suna a Abbey Wood, wani dattijo mai aikin rediyo ya ce da ni a gaban jama'a ya ji na buɗe gidan wasan yara, har da ɗalibi mai furfura. Aka yi dariya. Ni na sunkuyar da kai. Baba ne ya amsa, bai ko ɗaga murya ba. Ya tambayi mutumin shekararsa nawa a garin nan. Ya ce ashirin da ɗoriya. Baba ya ce, "To a shekara ashirin ɗin, ka taɓa yi wa kanka rana ko sau ɗaya? Shi ya yi." Ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Da na tsaya a nan, da babu abin da zan rubuta. Amma akwai wani shafi a intanet inda masu mod ke ajiye aikinsu kowa ya ɗauka, sai na ɗora hantsi a can. Cikin kwana biyu maganganu suka taru a ƙasansa. Wani ya ce hasken yana fasa ido. Wani ya ce babu rana irin wannan a duniya. Wani ya ce wanda ya yi abin nan da alama bai taɓa fita waje ba. Hantsin da muka sake ginawa daga baya yana nan a shafin har gobe, har yanzu akan samu mai cewa ya yi yawa, kuma ko ɗigo ban rage ba. Wanda bai taɓa jin rana ta dafa masa ƙeya a gona ba, ba shi zai gaya mini yadda take ba. Amma wannan bakin yanzu nake da shi. A lokacin wata biyu ke nan ina aika takardun neman aiki ko amsa babu, ina jin yunwar wani ya ce mini sannu da ƙoƙari, ko da wanda ban sani ba ne.

Wata yamma Baba yana barci bayan la'asar, Hadiza tana wajen aiki, na buɗe fayil ɗin. Na rage rana kusan rabi. Na zuba hazo. Na tausasa inuwa, na dawo da ƙyallin, na shafa wa sama ruwan lemo irin wanda suke so. Na yi saving a kan tsohon, ban ajiye kwafi ba, na goge wanda ke shafin don kunya, na ɗora sabon. Kafin magariba mutum uku sun yaba.

Washegari ƙarfe goma Baba ya zauna. Wallahi na yi niyyar gaya masa, har na shirya yadda zan faɗa da wasa. Ya rufe idon hagu, ya fara ƙirga. Ya tsaya a huɗu. Ya goge idon da bakin riga, ya sake. Huɗu. Ya tambaye ni ko na ɗiga masa maganin jiya da yamma. Na ce na ɗiga.

"To," ya ce. "Idon ya tafi cikin dare."

Ina tsaye a bayansa, hannuna a kan teburin. Jimla ɗaya ta isa. Amma sai na tuna ya ce kada in ƙara taɓawa, na tuna yadda ya tsaya mini a Abbey Wood, na rasa ta inda zan ce masa na lalata aikinmu don wasu baƙi su yaba mini. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya sawwaƙe, Baba."

Kwana goma sha shida na yi a cikin wannan shiru. Baba bai ƙara neman shan hantsi ba. Ya juya kujerarsa ta kalli bango. A rana ta uku ya ture hannuna da na zo da magani, ya ce a daina wahalar da kai. Tuwo sai ya taɓa loma biyu ya ce ya ƙoshi. Sannan ya ce a canza masa tikitin jirgi, yana so ya koma ya ga gonarsa da sauran abin da ya rage, tun bai rufe duka ba. Saura mako uku ranar likita. A waɗannan kwanaki ruwa bai ɗauke ba, wani siririn ruwa mai sanyi da ba ya zuba ba ya tsayawa, tagar falo kullum a jiƙe.

Na yi ta ƙoƙarin gyarawa a ɓoye, in mayar da komai yadda yake, ya ɗauka idon ne ya dawo, ni kuma in tsira da mutuncina. Wasu lambobin na tuna, wasu sun ɓace mini. Sau biyu ina ce masa ya zo ya gwada, ya ce me zai gani.

Hadiza ce ta gano. Wata safiyar da ba ta da aiki ta shigo ta same ni ina ta juya lambobi, ta kalli allon, ta kalle ni. Ta ja ni kicin ta tura ƙofa, ta tambaye ni tun yaushe. Na gaya mata. Ta daɗe tana wanke kofi guda.

"Maigida, kullum iyayen wasu nake yi wa wanka ina ba su abinci a baki, 'ya'yansu ko leƙowa ba sa yi, ina cewa mu ba haka muke ba. Ashe kai da kake zaune da naka ɗaki ɗaya ka fi su iya guduwa."

Na ce ta taimake ni ta gaya masa, ya fi jin maganarta. Ta ce ba za ta faɗa ba, ba kuma za ta ɓoye ba idan ya tambaye ta. Bakin da ya yi shiru shi zai buɗe. Ta ce in ban faɗa ba kafin a canza tikitin, in san cewa da hannuna na rufe masa ido, kuma ita za ta ci gaba da zama da ni tana sane da haka.

Ranar Alhamis ce, Baba yana azumi. Bayan azahar na same shi zaune a bakin shimfiɗa, ya riga ya ɗaure jakarsa ya ajiye a gefe. Na ce ya zo ya duba wani abu, ya ƙi. Sai na jawo teburin da kwamfutar da wayoyinta duka har gabansa, na durƙusa a ƙasa. Na buɗe masa tudun nan da hasken da na lalata, na roƙe shi ya ƙirga don Allah. Ya ƙirga huɗu, ya ce to na gani, in ƙyale shi. Na ce ya ɗan jira. A gaban idonsa na kashe hazon, na cire ƙyallin, na ɗaga rana zuwa inda nake tunawa. Na koma cikin wasan.

Baba ya ƙura wa tudun ido. Sannan ya ɗora tafin hannu a idon hagu. Biyar, shida, bakwai. Takwas. Ya jira, ya matso, ya ja baya. Takwas ɗin dai. Har yau ban sani ba ko lambobina ne ba su cika ba, ko kwanakin da ya yi babu magani ne suka cinye turke guda.

"Wa ya rage?"

"Ni ne, Baba."

Ya tambaye ni dalili, na ce wasu ne suka ce ya yi yawa. Ya ce su wa. Na ce ban san su ba, a intanet suke. Ya tambaya ko sun taɓa zuwa garinmu. Na ce ba na jin sun taɓa.

"Ka rage mini rana don ka faranta wa mutanen da ko sallama ba ku taɓa yi ba," ya ce. "Wannan wauta ce, kuma wauta ba ta ba ni mamaki, na haifi yara da yawa. Amma ka tsaya a bayana ka ce Allah ya sawwaƙe."

Ya juya wajen ƙofar kicin inda ya san Hadiza tana tsaye, ya ce, "Ɗiyata, ɗauko mini maganin nan." Ta tuna masa yana azumi, ko a bari sai an sha ruwa. Ya ce nafila ce, zai rama, idon ba ya ramuwa. Ta kawo, na miƙa hannu in karɓa kamar yadda na saba, ya ce a'a, ita za ta ɗiga. Na ja hannuna. Ina durƙushe ina kallo ta riƙe masa fatar ido, ruwan maganin ya gangaro ta gefen hancinsa ya shiga gemu.

Sai da ya buɗe idon ya same ni a inda nake, sannan na samu bakin magana.

"Baba, rage hasken ƙaramin abu ne a kan abin da na yi. Na ji ka ce idonka ya tafi, na san bai tafi ba, na bar ka da wannan kwana goma sha shida saboda ina jin kunyar ka ga ƙanƙantata. Na zaɓi ka makance a ranka a kan in ji kunya a gabanka. Ba ni da wani uzuri, kuma ba zan nemo ba. Ka yafe mini."